Shekarar da Na Hau Rumbun Malam

Tun shekaranjiya ruwa yake tsiyaya, irin na marka, wanda ba ya zuba ya huta, ba ya kuma ɗaukewa a ga rana. Itace ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, kayan da na wanke suna rataye a ɗaki suna warin danshi. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon jinkar rumbunmu tana ɗiga, sai iska ta kawo mini ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka. Duk sanda na shaƙi wannan ƙanshi, shekara ɗaya ce take faɗo mini a rai, shekarar da ruwa ya tafi da gada, ni kuma na hau rumbun Malam.

Sunana Hajara, amma a unguwarmu Inna ake ce mini, har da waɗanda suka girme ni. Maigidana Malam Isuhu manomi ne, mutum mai sanyin hali, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Garinmu yana ƙasar Faskari, can wajen da ake gangarawa Sabuwa, Yankara ce babbar kasuwarmu.

Tun ina amarya abu ɗaya nake gani duk kaka. Mu mu yi noma, mu girbe, mu kai Yankara ko Sheme, manyan motoci su kwashe su yi gaba, mu tsaya muna ɗaga musu hannu. In damina ta yi nisa, mu koma mu sayi dawar da muka noma da tsadar da sai mutum ya riƙe baki. Abincin da hukuma take saye don 'yan makaranta da marasa lafiyar asibiti shi ma daga nesa yake zuwa, kwangila ce ake ba wani mutum a birni. In hanya tana da kyau buhuna su iso. In hanya ta ɓaci, masu dafa wa yara abinci su kife tukwane su koma gida.

A kakar da nake ba da labari aka turo mana wani ma'aikaci mai kula da sayayyar hukuma, Malam Bashir, mutumin Ƙanƙara. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, kullum yana kan wani babur mai tari. Ya tara magidanta a ƙofar gidan mai unguwa. Mu mata ba mu je ba, amma kafin la'asar babu wadda ba ta ji abin da aka ce ba. Wai daga bana hukuma a hannun manoman garin za ta sayi hatsinta, kuma a garin zai zauna. Ba za a tara shi a sito guda ba, don a lokacin ɓarayin daji sun matsa, kuma sito guda in aka fasa shi ko aka sa masa wuta an gama da kowa. Za a rarraba shi a rumbunan mutanen da gari ya yarda da su, a liƙe, sai ranar da aka buƙata.

Malam Isuhu ya shigo gida yana sosa ƙeya. Na san wannan sosa ƙeyar.

"An zaɓi babban rumbuna," in ji shi.

Na ce, "An zaɓa, ko kuwa an tambaya ka kasa cewa a'a?"

"Liman ne ya ambaci sunana, Hajara. Mi zan ce?"

"Ka ce kana da mata mai faɗa."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma gaskiya a raina na ji daɗi. Cikin magidantan unguwa kaf, a ce sunan mijina ne ya fara fitowa daga bakin Liman, ai ko ban faɗa ba ranar tafiyata ta canza.

Kakar nan garin ya yi kyau. Amalanke sai shigowa suke yi da dammunan dawa, ba a sussuke ba, don hatsi a zangarniyarsa ya fi jure ajiya. Magina suka sami aikin yaɓen rumbuna, masu jinka suka sami na ɗaurin ciyawa, manomi ya sayar a ƙofar gidansa ba tare da ɗan kamasho ya tsaya masa a wuya ba. Mu mata muka tara toka da ganyen darbejiya don ƙwari. Aka jera dammuna har wuyan rumbu, aka barbaɗa toka a sama, aka rufe bakin da laka. Kafin lakar ta bushe, mai unguwa ya danna tafin hannunsa, Malam Bashir ya danna, Malam ya danna nasa. Ni daga ƙasa nake kallo, domin a wajenmu mace ba ta leƙa rumbun maigida. Haka muka tarar. Maigida ne yake hawa ya ɗebo, ya ba ki awo, ke ki dafa. Ko rumbun ya kusa ƙarewa, ko yana cike, wannan sirrinsa ne, kuma rufin asirin gida ne. Na tsufa a gidan nan ban taɓa sanin yadda cikin rumbu yake ba.

Namu hatsin yana ƙaramin rumbu, kuma bai taka kara ya karya ba. A daminar da ta wuce babu wanda ya iya zuwa manyan gonakinmu na daji saboda ɓarayi, sai 'yan gonakin bayan gari muka noma. Malam ya sayar wa hukuma kaɗan, ya ajiye abin da yake ganin zai kai mu sabuwar kaka in aka yi tattali. Lissafinsa daidai ne, da bakinmu kaɗai ne.

Bazara ta zo da zafi mai dafa ƙwaƙwalwa. Rijiyoyi suka ja baya, kaji suna yawo baki buɗe, ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar an sauke ta daga murhu. A cikin wannan zafi ne wata ranar hantsi Binta, ƙanwar Malam, ta faɗo gidan da 'ya'yanta da jikokinta, daga ƙauyensu na wajen Sabuwa. Ɓarayin daji sun tashe su. Ba ta zo da komai ba sai tukunya ɗaya da ƙullin tsumma, ƙafafunta sun farfashe. Mijinta ya tsaya can wurin dangi a Sabuwa, don ba shi da lafiyar tafiya. Ban tsaya tambayar komai ba, na ɗora ruwa.

Daga nan awo ya fara raguwa. Da farko muka bar tuwon rana. Sannan kokon safe ya koma ruwa-ruwa, har kana iya ganin gindin kofi. Ruwan sama ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, gonaki suka yi kore shar, mu kuwa cikinmu yana kuka. Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai gane ba, yunwa ta fi cizo a lokacin da duniya ta fi kyan gani. Muka koma ga tafasa da rama da yaɗiya. Mu dafa, mu matse, mu barbaɗa ɗan garin ƙuli, mu kira shi abinci.

Malam kuwa sai ya tsiri azumi. Da ma yana yin Litinin da Alhamis. Sai ya ƙara da kwanakin tsakiyar wata, sai ya ƙara da wasu da ni ban san sunansu ba. Zai wuni a gona da fartanya, ya dawo ya sha ruwa da ɗan abin da ya samu, ya ture kwanon gaban yara.

Na ce, "Malam, halan waliyyi kake son zama ba ka gaya mani ba?"

Ya ce, "Lada nike nema."

"Ladar ta yi yawa. Wandonka zamewa yake."

Ni kuwa na san irin ladar da yake nema, don ni nake rabon tuwo, na san kwanon da ya ragu.

Duk wannan abu, babban rumbu yana tsaye a tsakar gidanmu, cike da dawa. Da safe shi za ka fara gani, a inuwarsa muke tsinkar tafasar. Wata rana ƙaramar jikar Binta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Binta ta daɗe tana kallon rumbun, sannan ta durƙusa gaban wanta.

"Yaya, ko dami ɗaya. In an yi kaka sai a mayar. Wa zai sani?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba nawa ba ne, Binta. Na aza hannu."

Ya tashi ya kwance tunkiyarsa ta ƙarshe ya ja ta kasuwa. Ranar na ji haushinsa har wuya, na kuma ji girmansa ya cika mini ido, duk a lokaci guda. Na shiga madafa na yi kukana, na ce hayaƙi ne.

A gari kuma magana ta fara yawo. Wai masu ajiyar hatsin hukuma suna huda rumbu ta ƙasa suna tatsa, saman yana nan a liƙe da tafin hannu, ciki kuwa wayam. A bakin rijiya wata ta ce mini, tana murmushi, "Ku ai ba ku da matsala bana, Inna." Na ajiye guga na gaya mata abin da ya sawwaƙa. Ba zan maimaita shi nan ba.

Da marka ta kankama, saƙo ya zo cewa jikin mijin Binta ya yi tsanani. Malam ya ɗauki sandarsa ya tafi Sabuwa, ya ce kwana biyu zai yi. Washegari sama ta buɗe. Ruwa ya yi ta zuba ba dare ba rana, katangu suna faɗuwa, kwaɗi har cikin ɗaki. Gadar da ke tsakaninmu da Sabuwa ruwa ya tafi da ita. Hanyar da take fita zuwa kwalta kuma ta zama taɓo, motar da ta gwada shiga nan ta kwana, ta kuma kwana. Waya ba ta shiga. Kasuwa ta watse, ko da kuɗinka babu abin saye. Ga makarantar firamare cike da mutanen ƙauyuka da suka gudo, mata da yara da tsofaffi, suna kwana a kan siminti.

Malam Bashir ya iso da ƙafa, takalmansa a hannu, taɓo har gwiwa. Aka fara buɗe ƙananan rumbuna, masu su suna hawa suna fasa liƙin gaban shaidu. Yawanci an same su lafiya. Amma guda ɗaya, a wata unguwa, an tarar ya yi ƙasa sosai. Mai shi ya ce gara ce, wasu suka ce garar tana da hannu biyu. Nan fa masu tsegumi suka sami abin yi. Saura babba, namu, wanda shi aka ware wa mutanen makaranta.

Da safe suka yi sallama, Malam Bashir da mai unguwa da Liman, mutane a bayansu har zaure ya cika. Alhaji Garba, wan Malam, shi ma ya zo, don shi ne babba a gidan in Malam ba ya nan.

Malam Bashir ya rusuna ya gaishe ni. Ya ce, "Inna, yaran can jiya ba su ci komi ba. Ba za mu iya jiran Malam ba. Wanda zai tsaya a madadinshi muke nema, ya hau ya fasa."

Kowa ya dubi Alhaji Garba. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya ce, "Rumbun mutum ba a buɗe shi bayan idonshi. A jira mai shi."

Ya ja ni gefe, bayan madafa, ya rage murya.

"Hajara, ki yi tunani. Gidanga ya cika da baƙi tun bazara, kuma ba wanda ya mutu. Da mi kuka rayu? Ban ce ya taɓa ba, amma in ya taɓa fa? In aka buɗe gaban jama'a aka iske ya yi ƙasa, ina za mu sa kanmu? Bari ya dawo, mu san yadda za mu rufa ma juna asiri."

Ban ga laifinsa ba, tsoron kunyar ƙaninsa yake yi. Amma jinina ya tafasa. Na ce, "Yaya Alhaji, ni ban taɓa leƙa rumbun nan ba, ka sani. Amma ni na rage mashi mazagin wando, har sau biyu. Mutumin da ke tatsar rumbu ba ya ramewa haka. In ba ka hawa, ni zan hau."

"Ke? Mace?"

"Yaran makaranta ba su tambayi ko mace ce ta ɗebo ba."

Na fito na ɗaure zane, na yi ɗamara da gyale. Na dubi Liman. Ya ce shi bai san inda addini ya hana ba, al'ada ce, kuma al'ada ba ta kai ran mutum ba. Maƙwabta suka kama jinka suka sauke. Aka jingina tsani.

Tsanin ya jiƙe, yana santsi, ga yayyafi yana dukan fuskata. Ba zan ce ban ji tsoro ba. A tsakiyar tsanin nan maganar Alhaji Garba ta dawo mini, na ce a raina, Hajara, in kin yi kuskure, da hannunki za ki tona asirin mijinki gaban gari. Na yi bisimilla na ci gaba.

A sama na tarar da tafin hannu uku a busasshiyar laka, babu wanda ya tsage. Na gane na Malam nan take, saboda ɗan yatsansa da lauje ya taɓa lanƙwasawa. Na ɗora hannuna a kai, ya fi nawa girma. Aka miƙo mini ƙotar fartanya, na buga, lakar ta fashe.

Ƙanshi ne ya fara tarbata, ɗumi, na busasshiyar dawa da toka da darbejiya, ƙanshin kaka a tsakiyar marka. Na share ɓaraguzan na leƙa. Tokar da aka barbaɗa tana nan shimfiɗe yadda aka bar ta, ko ɓera bai taka ba. Dammuna har wuya. Ban ma miƙa hannu da nisa ba na taɓa zangarniya.

Daga ƙasa mai unguwa ya ce, "Inna, yaya?"

Sai na rungumo dami ɗaya na ɗaga sama, na saki guɗa. Ni, da furfurata, a kan rumbu, cikin ruwa. Rabona da guɗa tun bikin autata. Matan unguwa da ke leƙe ta katanga suka amsa, maza suka ɗauki kabbara. Na jefo damin, Alhaji Garba ne ya tare shi da ƙirjinsa, babbar rigarsa duk ta yi toka. Ya riƙe shi ya ƙi saki, yana cewa, "Isuhu, Isuhu, Allah Shi yi maka albarka." Ban sauko ba sai da hannuwana suka gaji, samari suka karɓe ni.

Kwanakin da suka biyo baya ba na manta su. Aka kwashe tebura daga aji biyu, muka jera turame. Matan gari da matan da suka gudo muka haɗu muna sussuka, muna shiƙa a baranda in yayyafi ya lafa, ƙaiƙayi yana cin wuya ba mai kulawa. Mai injin niƙa ya tada injinsa da ɗan man da ya rage. Kowane gida ya kawo busasshen itacen da ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Binta, wadda tun zuwanta ban ga haƙoranta ba, ita ce mai ba da waƙar daka. Da tukunyar farko ta nuna, aka fara tuƙi, yara suka yi tsit suna kallon tururi. Aka kai na asibiti, aka ba na makaranta, sannan gidajen da suka sauki baƙi. Ni ma na bi layi da kwanona kamar kowa, aka zuba mini rabon gidanmu daga dawar da ta kwana a tsakar gidana tun kaka.

Babu wanda yunwa ta kashe a garinmu a markar nan. Wannan ina faɗarsa da ƙarfi, ko a gaban wa. Motocin birni ba su iso ba sai da ƙasa ta tsane, lokacin har masara ta fara nuna, yara suna gasawa. Dawarmu ce ta riƙe mu, wadda aka saya a hannunmu aka ajiye a hannunmu.

Yanzu abin ya zama jiki. Duk kaka ana saye a gari, ana liƙewa, har wake da gyaɗa an ƙara, kuma ƙungiyar matanmu ce take sussuka da dafawa. An yi sabuwar gada. Yaran da suka taso ba su san kifaffiyar tukunya a makaranta ba, gani suke haka duniya take tun fil azal. In za a liƙe rumbunmu kuwa, tafin hannu huɗu ake dannawa. Mai unguwa ne ya fara faɗar haka da wasa, ni kuma na miƙa hannu ba da wasa ba.

Amma ba wannan ne yake dawo mini in ana marka ba. Dawowar Malam ce. Da ruwa ya ja, ya iso da tsakar rana, ya ratso rafi da ƙafa, ya bar mijin Binta da sauƙi. Ya yi baƙi, ya ƙara ramewa. Ya yi sallama ya shigo, sai ya tsaya cik. Jinka a ƙasa, tsani a jingine, bakin rumbu a buɗe.

Ya ce, "Wa ya hau?"

Na ce, "Ni."

Ya dube ni, ya dubi tsanin, ya sake dubana. Na gyara tsayuwa, na shirya wa faɗa, karo na farko da nake jiran shi ya fara. Sai ya tambaya a hankali, "Yaya kika iske shi?"

"Har wuya, Malam. Ko tokar ba ta motsa ba. Gaban Liman, gaban kowa."

Ya jingina sandarsa a bango. Ya zauna a kan turmi kamar wanda aka sauke wa kaya, ya rufe fuska da hannuwa ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Na ce, "Yau fa Alhamis, Malam. Ina ladar?"

Ya ce, "Matafiyi ne ni yau. Zubo, Hajara. Ki cika kwanon."

Na cika shi har miya tana zuba ta gefe. Na kori yara waje, na zauna a gabansa, ban tashi ba sai da ya cinye.